Darasi na Sha Huɗu: Zaɓen Abinci, Lafiya da Muhalli a Vom

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda abincin da ya zaɓa yake shafar lafiyarsa;
2. nuna alaƙar da ke tsakanin abinci da ƙasar noma da dabbobi;
3. yin amfani da kalmomin zaɓi: *gara*, *ya fi* da *maimakon*.

Gabatarwa

Ɗalibai, me kuka ci yau da safe kafin ku fito makaranta? Wataƙila wani ya sha kunu da ƙosai, wani ya ci burodi da shayi, wata kuma ta dafa taliyar leda cikin gaggawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tarihinsa. Akwai gonar da aka noma shi, da ruwan da ya sha, da motar da ta ɗauko shi, da wutar da ta dafa shi. Bayan kun ci, yana da aikin da yake yi a jikinku, mai kyau ko maras kyau. A wannan darasi za mu ziyarci garin Vom na Jihar Filato, domin a can ana iya ganin yadda lafiyar mutum take ɗaure da lafiyar dabba da ta ƙasar da ke ciyar da su duka.

Ina ne Vom?

Vom yana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, gaba da Bukuru. Mutanen Berom, waɗanda suke zaune a yankin tun kaka da kakanni, suna kiran wurin Vwang. Garin yana bisa tsaunin Jos, fiye da mita 1,200 sama da gaɓar teku. Saboda wannan tsayi, iskar wurin tana da sanyi, kuma ƙudan tsando, mai sa wa shanu cutar sammore, bai yawaita ba kamar a ƙasashen da ke ƙasan tsaunin.

Wannan yanayi yana cikin dalilan da suka sa aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a shekarar 1924. A yau ita ce Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, inda ake gano cututtuka, ake kuma haɗa allurar rigakafi. Kusa da Vom, a Kuru, akwai tashar bincike a kan dankalin Turawa. Ke nan a ɗan wannan yanki akwai manomi da makiyayi da likitan dabbobi da mai bincike, kuma aikin kowannensu yana ƙarewa ne a cikin kwanon abincinku.

Abin da jiki yake bukata

Jiki yana bukatar abinci iri uku. Na farko shi ne mai ba da kuzari, kamar acca da dawa da masara da doya da dankali. Na biyu shi ne mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama da madara. Na uku shi ne mai kare jiki daga cututtuka, wato ganyaye da 'ya'yan itatuwa, irin su zogale da alayyafo da karas da gwanda da lemo. Wanda ya cika ciki da nau'i ɗaya kawai ya ƙoshi, amma jikinsa yana nan da yunwa.

A Nijeriya matsala biyu ce take tafiya tare. A gefe ɗaya akwai ƙarancin abinci mai gina jiki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A ɗaya gefen kuma, hawan jini da ciwon sukari suna ƙaruwa, musamman a birane, inda mutane suke yawan cin gishiri da sukari da soyayyen abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙin tunawa. Gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da dunƙulen ɗanɗano. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini. Kwalba ɗaya ta wasu nau'o'in lemo, mai rabin lita, tana iya ƙunsar wannan adadi gaba ɗaya. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kuwa, ana so mutum ya ci aƙalla giram 400 kullum. Ku lura cewa waɗannan cututtuka ba sa zuwa rana ɗaya. A hankali suke taruwa, daga abin da mutum ya saba ci tun yana ɗan makaranta. Shi ya sa Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.

Acca: ƙaramar ƙwaya mai babban amfani

Idan kuka zagaya ƙauyukan da ke kewayen Vom da damina, za ku ga ƙananan gonaki da aka kewaye da shingen ƙerana, cikinsu wata shuka mai kama da ciyawa. Wannan ita ce acca, ɗaya daga cikin tsofaffin hatsin Afirka ta Yamma. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kamar yashi. Ana yin tuwo da kunu da ita, ana kuma yin gwate, wanda ake dafawa da ganyaye irin su alayyafo da yakuwa, da gauta ko yalo, wani lokaci da wake ko ƙashin nama. A kwano ɗaya na gwate ana iya samun nau'o'in abinci ukun nan da muka ambata.

Ta fuskar ƙasa, acca ba ta da tsada wajen reno. Tana yi a ƙasa mai tsakuwa da yashi, inda masara ba za ta yi ba sai da takin zamani. Tana jure ƙarancin ruwa. Wasu irinta suna nuna da wuri, a daidai lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, sai ta raba iyali da yunwa kafin sauran amfanin gona ya iso. Tana kuma dahuwa cikin 'yan mintuna, don haka ba ta cin itace da yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin tunawa da gero da danginsa, kuma acca tana cikinsu.

Yanzu ku kwatanta ta da burodi. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta. Jirgin ruwa ne yake kawo ta gaɓar teku, a niƙa ta, sannan manyan motoci su hauro da ita tsaunin Jos. Kowane mataki yana cin mai, yana kuma fitar da hayaƙi. Acca kuwa daga gonar maƙwabci take zuwa kasuwa.

Duk da haka, a faɗi gaskiya: acca tana da wuyar aiki. Sussuka da surfe da rairaye yashi daga cikinta suna cin lokaci da ƙarfi, kuma mata ne suka fi ɗaukar wannan wahala. Wannan ne ya sa take da tsada a kasuwa. Haka kuma, ko da yake masu ciwon sukari da yawa suna neman ta, acca hatsi ce, ba magani ba. Mai ciwon sukari zai ci ta da awo, bisa shawarar likita.

Madara da nama

A ƙarshen ƙarni na 19, annobar bushiya ta ratsa Afirka, ta kashe shanu masu ɗimbin yawa. Makiyaya suka talauce, madara da nama suka yi wuya, yunwa ta biyo baya. Yaƙi da wannan cuta shi ne babban aikin da cibiyar Vom ta fara da shi. Bayan shekaru masu yawa ana yi wa shanu allura a ƙasashe daban-daban, a 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa, bayan agana. Wannan tarihi yana koya mana cewa idan dabba ta rasa lafiya, mutum ma yana cikin haɗari.

Akwai cututtukan da suke tsallakowa daga dabba zuwa mutum ta hanyar abinci. Tarin fuka na shanu yana cikinsu, haka ma wata cuta da ke sa saniya ɓari, mutum kuma ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da su. Maganin abin yana hannunku: a tafasa madara kafin a sha ko a yi nono da ita, a dafa nama ya dahu sosai, a kuma sayi wanda aka yanka a mayankar da ma'aikatan lafiya suke dubawa. Idan an yi wa saniya ko kaza allura ko an ba ta magani, akwai kwanakin da ya kamata a jira kafin a sha madararta ko a ci namanta ko ƙwanta. Rashin jira yana sa ragowar magani ya shiga jikin mutum, ƙwayoyin cuta kuma su saba da shi har ya daina yi musu aiki.

Kiwo yana shafar muhalli ma. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi yana fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ayyukan ɗan Adam suke fitarwa mai ɗumama duniya. Saboda haka ake shawartar mutanen Turai da Amurka, waɗanda suke cin nama da yawa, da su rage. Amma halinmu ya bambanta da nasu. Yara da yawa a ƙasar nan ba sa samun isasshen ƙwai ko madara ko nama. Irin waɗannan yara ƙari suke bukata. Wanda ya kamata ya rage shi ne mai hali da ba ya cin abinci sai da soyayyen nama safe da yamma. Kada kuma mu manta cewa saniya tana ba gona taki, gona kuma tana ba saniya kara da harawa. Inda manomi da makiyayi suka riƙe wannan musaya, ƙasa tana daɗewa ba ta gaji ba.

Lambunan bakin tafki

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanoni suka riƙa haƙar kuza a tsaunin Jos. Da suka tafi, sun bar ramuka masu zurfi da tarin ƙasa da ba ta noma. Ruwan sama ya cika ramukan, suka zama tafkuna. Manoma ba su zauna suna kuka ba, sai suka mai da waɗannan tafkuna wurin noman rani. Daga nan ake samun kabeji da karas da latas da tumatir da koren wake, waɗanda ake lodawa zuwa Abuja da sauran birane. Dankalin Turawa ma, wanda Jihar Filato ta fi kowace jiha nomawa, yana son wannan sanyi.

To, amma mai saye yana da hannu a yadda ake noman. Idan kowa ya ƙi kabejin da tsutsa ta ɗan taɓa, ya nemi mai sheƙi kawai, manomi zai ƙara feshin maganin ƙwari, wani ma ya fesa ana gobe za a kai kasuwa. Maganin yana zama a jikin ganye, ruwan sama kuma ya wanke sauran zuwa tafki da rafi, inda yake kashe kifi da ƙudan zuma masu taimakon shuka. Ba ganye kaɗai abin ya shafa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da aka ƙi a waje, irinsa ne yake kasuwanninmu. Don haka ku wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta, ku guji wake mai warin magani, kada kuma ku raina ganye don kun ga ɗan hujin tsutsa a jikinsa.

Bayan an gama ci

Abinci yana barin sawu ko bayan an ci. Ledar biskit da robar lemo ba sa ruɓewa. Suna toshe magudanar ruwa, shanu da awaki kuma suna haɗiye leda ta taru a cikinsu har ta kashe su. Ɓawon dankali da na gyaɗa kuwa suna komawa taki. An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya yana lalacewa ko a zubar da shi. Duk tuwon da aka zubar, an zubar da ruwa da taki da gumin da aka kashe a kansa. Haka nan, jiƙa wake kafin dahuwa da rufe tukunya suna rage itacen da ake ƙonawa da hayaƙin da mai girki take shaƙa.

Gaskiya ne cewa ba kowa ne yake da zaɓi ba. Iyalin da kuɗinsu bai kai ba, abin da suka samu shi za su ci. Amma sau da yawa kuɗin kwalbar lemo da biskit zai sayi dafaffen ƙwai da ayaba, ko gyaɗa da kunun zaƙi maras yawan sukari. Wannan ƙaramin zaɓi kuna yin sa kusan kullum a ƙofar makaranta, kuma a nan ne za ku fara aiki da abin da kuka koya.

Tattaunawa: Kaka da jikarta a kasuwa

*Jika:* Kaka, ga kabeji mai kyau can. Dubi yadda yake sheƙi!

*Kaka:* Ke dai, kishiya, idonki yana kan ado. Ɗauko mini wancan na gefe.

*Jika:* Haba Kaka, ai tsutsa ta taɓa shi.

*Kaka:* Ganye ɗaya ne, za mu cire. Gara wanda tsutsa ta ɗanɗana da wanda ko tsutsa ta ji tsoronsa.

*Jika:* To, me za mu dafa yau? Ni dai taliya nake so.

*Kaka:* Jiya taliya, shekaranjiya taliya. Yau gwaten acca za mu yi, da alayyafo da wake.

*Jika:* Acca ta fi taliya tsada, Kaka.

*Kaka:* Haka ne. Amma rabin mudu zai ishe mu duka, kuma kuɗin yana zuwa hannun matar da ta noma ta. Maimakon lemon kwalba, sayo mana lemon zaƙi guda biyar.

*Jika:* To, Kaka. Allah ya ƙara miki lafiya.

*Kaka:* Amin, 'yar albarka. Riƙe kwandon, kada ki karɓi leda.

(A al'adar Hausawa akwai wasa tsakanin kaka da jika. Kaka takan kira jikarta mace *kishiya*, namiji kuma *maigida*.)

Ma'anar kalmomi

- *muhalli*: ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da ke kewaye da mu
- *tsumbure*: kasa girma yadda ya kamata
- *sammore*: cutar da ke ramar da shanu, wadda ƙudan tsando yake yaɗawa
- *bushiya*: a nan, tsohuwar annobar shanu, kalmar tana kuma nufin ƙaramar dabba mai ƙaya
- *ƙerana*: tsiro mai ƙaya da farin ruwa, wanda ake shinge da shi
- *surfe*: daka hatsi a turmi domin cire dusa
- *harawa*: busasshen ganyen wake ko na gyaɗa da ake ba dabbobi
- *kuza*: ma'adinin da ake haƙowa a tsaunin Jos
- *noman rani*: noman da ake yi da ban ruwa bayan damina ta wuce

Nahawu: yadda ake bayyana zaɓi

1. *Ya fi / ta fi / sun fi*: ana kawo abu na farko, sai *fi*, sai abu na biyu, sai siffar da ake kwatantawa.
 Acca ta fi wake saurin dahuwa.
 Ganyaye sun fi biskit amfani.

2. *Gara ... da ...*: abin da aka fi so yana bin *gara*, wanda aka ƙi yana bin *da*. Ana iya juya jimlar.
 Gara ruwa da lemon kwalba.
 Da in zubar da tuwo, gara in ɗumama shi da safe.

3. *Maimakon*: yana nuna an sa wani abu a gurbin wani.
 Ta sa daddawa maimakon dunƙule na biyu.
 Maimakon ya sha ɗanyar madara, sai ya tafasa ta.

Tambayoyin fahimta

1. Wane dalili ne ya sa Vom ya dace da binciken cututtukan dabbobi?
2. Kawo nau'o'in abinci uku da jiki yake bukata, da misali biyu na kowanne.
3. Giram nawa na gishiri bai kamata mutum ya kai ba a yini?
4. Faɗi amfanin acca guda biyu ga muhalli, da wahala ɗaya da ke tattare da ita.
5. Me ya sa shawarar rage cin nama ba ta shafi kowa daidai ba?
6. Ta yaya mai sayen kabeji yake da hannu a yawan feshin magani?
7. Me Kaka take nufi da kabejin da "ko tsutsa ta ji tsoronsa"?

Cike gurbi da *gara*, *fi* ko *maimakon*

1. Tafasasshiyar madara ta ______ ɗanya aminci.
2. ______ leda, mun je kasuwa da kwando.
3. Da mu sayi biskit, ______ mu sayi gyaɗa.
4. Zogale ya ______ alewa amfani ga jiki.

Aikin gida

1. Rubuta duk abin da ka ci na tsawon kwana uku. A gaban kowanne, nuna nau'insa, da inda aka noma shi idan ka sani, da abin da ya rage bayan ka ci: ɓawo ne ko leda?
2. Tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku wane abinci ne ake ci a da wanda yanzu aka rage ci, da dalilin hakan. Rubuta amsar cikin jimloli goma na Hausa.
3. Bayyana ma'anar wannan karin magana, ka danganta ta da darasin: *Da ruwan ciki akan ja na rijiya.*